Labarin Ƙaramin Jirgin Kuza na Zariya zuwa Bukur, da Abin da Ya Saura Nasa



Ya ku 'yan'uwa, tsofaffin ma'aikatan En'e, da 'ya'yansu da jikokinsu waɗanda wannan ɗan littafi zai shiga hannunsu, ku yi mini haƙuri. Al'adar littafi irin wannan ita ce a kawo labarin sarakuna da waziransu, da ma'aji da alƙalai, da malaman haraji da na asibiti, a tuna da su, a yi musu addu'a. Ni kuwa ga shi na zo muku da labarin ƙarfe. Dalili shi ne, a garin Jos, cikin filin gidan ajiye kayan tarihi, kusa da gidan namun daji, akwai waɗansu tsofaffin kawunan jirgin ƙasa 'yan ƙanana, irin masu aiki da wuta da tururi, an girke su don kallo. Su ne suka saura daga wata hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta hau dutse har Bukur, wadda aka rufe tun 1957. Wanda bai sani ba ya kan ce ai kayan Turawa ne, babu ruwanmu. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai tarar da hannun En'e a ciki dumu-dumu, da wajen da za a yaba mata, da wajen da za a zarge ta.

Tushen maganar duk kuza ce. Tun Bature bai sa ƙafa ƙasan nan ba mutanen Liruwe sun san ta. Akwai Liruwen Kano, akwai Liruwen Dalma a ƙasar Bauci. A can ne a ke wanke yashin rafi, a fid da baƙin tsakin nan mai nauyi, a narka shi, a zuba shi sirara-sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su saya su bi kasuwanni da shi, maƙeran farfaru su shafe tasoshin tagulla. Waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, suka ce sai sun ga inda a ke samo su. A 1902 aka aiko mai binciken ƙasa ya dudduba. Cikin 1903 da 1904 wani Bature mai suna Laws ya hau tudun, har ya kafa sansani a Naraguta, bakin kogin Dilimi. Ba da lalama aka shiga ba. Mutanen duwatsu ba su yarda da baƙi cikin gonakinsu ba, sai da aka yi ta aika musu da soja da bindiga. Zuwa 1910 labarin kuzar Nijeriya ya cika kasuwar London, kamfanoni suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina, ko wanne ya aiko wakilinsa ya kama fili. Maƙeran Liruwe kuwa, waɗanda su ne suka fara nuna hanya, sannu a hankali aka ture su gefe, sana'arsu ta mutu.

To, an sami kuza, saura yadda za a kai ta bakin teku. A farko a ka a ke ɗaukarta, daga tudu a gangara ta Keffi har Loko a bakin Binuwai, tafiyar wajen mil 200, sa'an nan a zuba ta cikin jirgin ruwa. Kayan ɗan alaro ɗaya wajen laba 60 ne, tan ɗaya kuwa laba 2,240. Ku malaman Baitulmali ku buga lissafi ku gani: tan ɗaya sai mutum 37 ko fiye, su yi kwana da kwanaki a hanya, a ciyad da su, a biya su, kuma in damina ta faɗi su watse su koma gona. Wannan na kayan da ke fita ke nan. Na shiga ya fi wuya, domin injin haƙa da famfon ruwa ba abin da a ke ɗorawa a gammo ba ne. Sabo da haka masu kamfanoni suka dami Gwamnati da kuka, sai a yi musu hanyar jirgi.

A lokacin nan babbar hanyar jirgi tana tafe daga kudu. Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne, kuma ya riga ya yi irin wannan aiki a Sudan, shi ya tsaya a kan a ja hanya daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano. Aka fara a 1907, ƙarfe ya iso Kano a 1911, zamanin Gwamna Bell. Da ya ke hanyar ta bi ta Zariya, sai aka ga babu inda ya fi dacewa a ɓalle reshe zuwa ƙasar kuza kamar nan. Amma kuɗi ba su da yawa, kuma ba wanda ya tabbata ko kuzar za ta daɗe. Sai aka yanke shawara a yi ƙaramar hanya mai arha. Faɗin babbar hanya, watau tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6. Wannan kuwa aka yi ta ƙafa 2 da inci 6. Kunkuntar hanya ba ta son cikon ƙasa mai yawa, gadojinta ƙanana ne, kuma tana iya kewaya dutse ta yi kwana a inda babba ba ta iyawa. Abin da a ke biya a madadin wannan sauƙi shi ne, jirgin ba shi da sauri, kuma ba ya jan kaya masu yawa.

Akwai kuma wani dalili. Ƙaramar hanya irin wannan ba baƙuwa ba ce a Arewa, ita ce ma ta fari. A 1901, sa'ad da Lugga ke shirin kafa hedikwatarsa a Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, an shimfiɗa 'yar hanya mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Wushishi zuwa can, daga baya aka ƙara ta zuwa Bari Juko a bakin kogin Kaduna, don a riƙa ɗauko kaya daga jirgin ruwa. Da babbar hanya ta zo, wannan ba ta da sauran amfani, sai aka kwashe kayanta aka kawo su aikin sabon reshen. Ɗaya daga cikin kawunan jirginta, wanda kamfanin Hunslet na birnin Leeds ya ƙera a 1901, daga baya an kai shi tashar Minna an kafa don tunawa, tun da ya ke shi ne farkon wanda ya yi kuka a ƙasar Arewa.

Aka kama aiki daga Zariya a 1911. Nan fa maganarmu ta shigo. Turawan aikin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masu sarar daji, da masu haƙa, da masu ɗaukar ƙasa a kwando, da masu fasa dutse, duk talakawan ƙasa ne, kuma ba su suka kawo kansu ba. Razdan ya kan faɗa wa Sarki yawan mutanen da a ke so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya aika wa masu unguwa, mai unguwa ya shiga gida gida. Malamin hakimi ya rubuta suna, dogari ya sa su gaba har bakin aiki, su yi adadin kwanakinsu a sake su, a kawo waɗansu. Haka aka yi hanyar Baro zuwa Kano, haka aka yi wannan. Ana biyansu da kuɗin Bature, wannan gaskiya ne, kuma da yawa daga cikinsu a nan suka fara riƙe sule da sisi a hannu, waɗanda a ƙarshe suka komo Baitulmali da sunan haraji. Amma biyan lada ba ya mai da tilas ta zama son rai. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa don an ce ya bari, hatsin da zai ci a sansani ma sau da yawa daga rumbun ƙauyensu aka ɗebo.

Sarkin Zazzau na wannan zamani shi ne Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903. Malami ne mawaƙi, kuma al'amarin ya tsaya masa a rai har ya yi waƙa a kansa, wadda a ke kira Waƙar Diga, da sunan abin haƙan nan da Turawa suka kawo. Har yanzu ana karanta ta a makarantu. Ni ina ganin wanda ya karanta waƙar sa'an nan ya je Jos ya dafa ƙarfen, ya fi wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya fahimta.

Hanyar ta fita daga Zariya ta nufi gabas maso kudu, ta bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Kudaru, ta isa Rahama a 1912, aka buɗe wannan yanki. Nan da nan 'yan alaro suka bar hanyar Loko suka komo Rahama da kayansu. Har zuwa Jengre ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, aikin da sauƙi. Daga nan ne dutse ya tsaya a gaba. Zariya tana bisa teku da ƙafa 2,000 da 'yan kai, Jos kuwa wajen ƙafa 4,000, kuma yawancin hawan a ɗan taƙin nan na ƙarshe ya taru. Sai da aka yi ta karkata hanya tana bin gindin duwatsu kamar maciji, kafin ta fito Naraguta ta shiga Jos. Ta isa Bukur a ƙarshen 1914, shekarar da aka gama Arewa da Kudu, kuma shekarar da yaƙin Jamus na farko ya tashi. Tsawonta duka mil 143: daga Zariya zuwa Jos 133, daga Jos zuwa Bukur 10. Turawa suka sa mata suna Bauchi Light Railway, domin a lokacin ƙasar kuza tana cikin Lardin Bauci, ba a yanke Lardin Filato ba sai 1926. Abin dariya, jirgin da aka sa wa sunan Bauci bai taɓa ganin ganuwar Bauci ba. Mutanen garin Yakubu sai a 1961 suka ji kukan jirgi, shi ma babba ne, ya taso daga Kuru za shi Barno, ya isa Maiduguri a 1964.

Yaran yanzu da suka tashi suka tarad da jirgin dizal ba su san yadda irin wannan kan jirgi ke aiki ba, bari in ɗan bayyana. Jikinsa dogon nan mai kama da ganga tukunya ce cike da ruwa. A bayanta akwai murhu, inda a ke zuba kwal. Daga murhun akwai bututai da yawa da suka ratsa cikin ruwan har gaba, wuta da hayaƙi su bi ta ciki su tafasa ruwan, sa'an nan su fita ta bututun sama. Tururin ba shi da mafita, sai ya taru ya yi ƙarfi. In direba ya buɗe masa ƙofa, sai ya faɗa cikin waɗansu kurtuna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya tura wani toshi gaba ya komo da shi baya, toshin ya tura sandar ƙarfe, sandar ta juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki a kan sake shi ta bututun hayaƙi, ya jawo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa, watau shi ne zuga-zugin kansa. Wannan shi ne cuku-cukun nan da a ke ji daga nesa. Mutum biyu ke kansa, direba da mai wuta. Mai wuta shi ya fi shan wuya, shebur a hannu, ido a kan gilashin da ke nuna ruwa, don in ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya bushe, to sai abin da Allah ya yi. A hawan Jengre babu hutu. Kwal kuwa da fari daga Ingila a ke kawo shi ta teku, sai daga 1916 na Inugu ya fara samuwa.

Abin da wannan ɗan jirgi ya yi cikin shekarunsa na farko ba kaɗan ba ne. Ya sauko da kuza a buhuna, ya hau da injuna da siminti da kwanon rufi da gishiri da kananzir. Ya hau da dawa da gero daga ƙasar Zazzau da Kano, domin tudun bai iya ciyad da taron leburan da suka taru a kansa. Ya hau da mutane kuma: 'yan cin rani, da mahauta, da maɗinka, da malamai da almajiransu, da akawuna da masu sana'a daga Kudu. Jos da aka shata ta a matsayin gari wajen 1915, bisa wannan siririn ƙarfe ta girma. Birom da Anaguta da Afizere kuwa, masu ƙasar, su suka ga gonakinsu sun zama ramuka. A Zariya akwai wata wahala da ba ta da magani: ƙaramin wagunu ba ya hawa babbar hanya, babba ba ya hawa ƙarama. Ko wane buhu sai an sauke shi da hannu an sake ɗorawa, na hawa da na sauka. 'Yan dako sun ci abinci a nan, amma masu kaya suna ƙorafin ɓata lokaci da kuɗi.

Wannan aibi shi ya fara cin hanyar tun tana da ƙuruciya. Hanyar Gabas da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu ta yi ta matsowa Arewa, a 1927 aka ja reshe daga Kafancan ya hau tudun da babban faɗi. Aka faɗaɗa mil 10 ɗin nan na tsakanin Bukur da Jos suka zama na babban jirgi. A 1932 aka gama gadar Makurɗi. Daga Jos zuwa Ikko ta Zariya wajen mil 750 ne, da sauke kaya a tsakani. Daga Jos zuwa Fatakwal mil 500 ne da ɗoriya, wagunu ɗaya tun daga tasha har bakin jirgin ruwa, kuma shi zai komo da kwal na Inugu. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san inda kuza za ta bi. Ƙaramin jirgi ya koma na hatsi da 'yan kasuwa da mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya. Shekara 13 kaɗai ya yi yana sarauta, ya yi shekara 30 yana murabus a tsaye.

A cikin shekarun murabus ɗin nan ne yaƙin Hitila ya zo, kuma a nan ne hannun En'e ya sake shiga, shigar da ta fi ta farko ɗaci. A farkon 1942 Japan ta cinye Malaya, inda Ingila ke samun yawancin kuzarta. Sai ido ya komo kan Jos. Aka kafa dokar kama mutane aikin kuza, daga 1942 zuwa 1944, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban Gwamna. Gwamna ya yi doka, amma ba shi ya shiga ƙauye ba. Hakimi ne da dagaci da malami da ɗan doka. Aka ɗebo mutane dubbai daga lardunan Arewa, manoma waɗanda ba su saba da sanyin dutse ba, aka zuba su a bukkoki, ga ƙarancin abinci ga rashin mayafi, suna wuni cikin ruwa da laka. Da yawa suka yi ciwo, waɗansu suka mutu, da yawa suka gudu. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuwa sake yi ba. Ga mutumin Zazzau, da na Katsina, da na Sakkwato wanda ya biyo jirgin Gusau, hanya mafi kusa zuwa Jos ita ce ta Zariya. Ban kawo wannan don in tozarta iyayenmu ba. Ma'aikaci ne ƙarƙashin mai iko, waɗansu sun sassauta inda suka iya, waɗansu sun tsananta fiye da yadda aka sa su, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Amma littafin tunawa da ya kawo asibiti da rijiya da makarantar elementare, ya tsallake wannan, bai cika ba.

Bayan yaƙi motoci suka yawaita, hanyoyi suka gyaru, lori ya riƙa kwashe ɗan abin da ya rage. A 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, wadda dole ta duba riba da hasara, a wannan shekara kuma aka fara shigo da kawunan dizal. Hanya guda mai faɗi dabam, da kayan gyara dabam, da kawunan da suka tsufa, ba ta da mai kare ta. A 1957 aka rufe ta, aka ɗebe ƙarafan.

Sa'a ɗaya aka yi. Shekara 5 kafin wannan, watau a 1952, an buɗe gidan ajiye kayan tarihi a Jos, bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, wanda da fari jami'in mulki ne a lardin. Shi ma gidan kuza ce ta haife shi, domin gumakan yumɓun nan na Nok a ramin kuza aka fara tono su, a 1928, aka sake samun wani kai a ƙasar Jama'a wajen 1943. Da ya ke akwai wurin ajiya a bakin tasha, sai aka sami masu hangen nesa suka keɓe kaɗan daga kayan jirgin aka kai can, inda kuma a ke nuna kayan aikin haƙar kuza. Ita kanta kuzar ta bi bayan jirginta. Ta yi ta raguwa, har kasuwarta ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarma, suka bar kududdufai. En'e ma an shafe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Watau da mai kaya, da mai ɗebo leburan, duk sun shuɗe, sai abin ɗaukar kayan.

Na san akwai masu cewa, mene ne amfanin tsohon ƙarfe, ga asibiti ba magani, ga makaranta ba benci? A sayar wa 'yan gwangwan a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ku auna. Kuɗin da za a samu a ƙarfen ɗan kan jirgi ɗaya ba zai riƙe ɗakin shan magani wata guda ba, kuma in an yanka an narke, shi ke nan har abada, don masana'antun da suka ƙera irinsa sun daina tun tuni. Akwai kuma masu cewa abin tunawa da mulkin mallaka ne, gara ya ruɓe. Waɗannan su na fi jin tausayi, don sun ba Bature abin da ba nasa kaɗai ba. Bature ya zana, ya kawo ƙarfe, ya kwashe riba. Wanda ya sare dutsen Jengre ɗan wane ne?

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A ƙasar Wels akwai wata 'yar hanya, Talyllyn, wadda aka yi a 1865 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga mahaƙa. Mahaƙar ta mutu a 1946, mai hanyar ya rasu a 1950. A 1951 waɗansu mutane masu sha'awa suka haɗa kai suka karɓe ta, suna aiki kyauta ranar hutunsu, ita ce ta farko a duniya da aka ceta ta wannan hanya, har kawunanta biyu na asali aka gyara suka koma aiki. In kun ce wannan ƙasar masu kuɗi ce, to ga Saliyo. Hanyar jirginsu faɗinta ɗaya da tamu, ƙafa 2 da inci 6. An rufe ta a 1974. Ɗaya daga cikin kawunanta, ƙirar Hunslet, mutanen Wels suka saya a 1975, ya yi shekaru yana jan taragon masu yawon shan iska a can. Waɗansu kuma aka tura su cikin tsohuwar rumfar gyara a Firitawun aka rufe. Suka yi shekara 30 a ciki, yaƙin basasa ya zo ya wuce, a 2005 aka buɗe wurin ya zama gidan tarihin jirgi na ƙasa. Abin da ya cece su rufi ne da ƙofa. A nan gida ma, a Ebute Metta, an gyara tsohon gidan nan da a ke kira da sunan Jaekel, wanda ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya, an tara hotuna da kayan aiki a ciki.

Sabo da haka kada mu fara da dogon buri, mu ce sai mun hura wa jirgin wuta ya yi tafiya. Tukunyar da ta yi shekara 60 da ɗoriya ba wuta, hura ta ganganci ne, kuma babu sauran hanya mai faɗinsa da zai taka. Abin da ke kashe kan jirgin da ke tsaye sananne ne. Ruwan sama ya kan shiga ta bututun hayaƙi, ya gamu da tsohuwar tokar kwal, su zama wani ruwa mai cin ƙarfe, ya huda shi daga ciki alhali waje na ƙyalli. Tsakanin tukunya da rigarta ta kwano akwai abin da a ke naɗawa don tsare zafi, ya kan sha ruwa ya riƙe kamar soso. Sau da yawa abin nan asbestas ne, ƙurarsa na lalata huhu, kada a bar yara ko leburan da ba su sani ba su yage shi. Farin ƙarfe da tagulla, irin su usur da famfuna da allon da ke ɗauke da sunan maƙera da lamba da shekara, su ɓarawo ke fara kwancewa, in kuwa allon nan ya tafi, jirgi ya zama ba shi da asali. Tarago na katako kuma gara ce ajalinsa. Ruwan Jos ya fi na Zariya yawa, daga Afrilu har Oktoba.

Magani bai fi ƙarfinmu ba. Rumfar kwano mai tsawo wadda iska ke ratsawa, da daɓen siminti da tsakuwa don ƙafafu su rabu da damshi. A kwashe toka, a toshe bakin bututu, a kankare tsatsa a shafa jan fenti na ƙasa kafin na ado, a zuba baƙin mai a gaɓoɓi ko da sau biyu a shekara. A ɗauki hoton ko wane allo da ko wace lamba a rubuta a littafi, yadda mu ke yi wa kayan En'e a zamanin da mai binciken lissafi ke zuwa ya ƙirga har tsintsiya. Hakkin ajiya yana wuyan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ba kuwa za a taɓa ko ƙusa ba sai da izininta. Amma ba abin da ya hana masarautu da ƙananan hukumomin da hanyar ta ratsa, daga Zariya da Soba da Lere har Bassa da Jos, waɗanda su ne magadan En'e, su kai gudummawar kwano da fenti.

Abin da na fi so a yi shi ne rubutu. A kafa allo da Hausa, boko da ajami, da Turanci, da harsunan mutanen tudun, a faɗi inda hanyar ta bi da shekarunta, a kuma faɗi yadda aka samo waɗanda suka haƙa ta. Sunayen gundumomi da yawan mutanen da aka ɗora wa ko wacce suna cikin rahotannin Razdan da na Di'o a gidan ajiye takardun Gwamnati na Kaduna, sai mai haƙurin bincike. Saura kuma suna gidajenku. Wanda ubansa ko kakansa ya yi malamin hakimi a Soba ko Kudaru ko Lere, ko ya yi dogari, ko helma, ko mai wuta, ya buɗe tsohuwar adakar nan ya duba. Takardar tikiti, da rasit, da wasiƙar hakimi zuwa ga dagaci, da hoton tasha, kada a ba mai ƙosai. In kuwa akwai tsoho ko tsohuwa a gida da ya taɓa shiga jirgin yana yaro, wanda ya ke ɗan shekara 10 a 1957 yanzu yana bakin 80, a zauna da shi da takarda da alƙalami a makon nan, a tambaye shi nawa ya biya, a ina aka tsaya shan ruwa, da ƙarfe nawa suka bar Zariya, da ƙarfe nawa suka shiga Jos.